Wai Kwali Ya Daina Aiki?

Yau kam ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, ba kuma na kishiya ko uwar miji ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi tun kafin azumi, na haɗiye ta ƙi wucewa, sai na ce bari dai in juye ta a takarda ko na samu sa'ida. Wadda na taka ta yi haƙuri, ba da gangan ba ne. Wanda kuwa ya tsargu, to dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗiyar yayata ce ta gama sakandare a nan Faskari. Yarinya ce mai kai, musamman wajen lissafi, ita ke yi wa uwarta lissafin adashi tun tana 'yar aji uku. Aka kai ta Funtuwa ta zauna jarrabawar JAMB, Allah Ya ba ta sa'a, ta cike Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, tana son ta karanta ilmin kwamfuta. Ubanta ya amince, har ya ce in an girbe masara zai ware buhunan da za a sayar a yi mata rajista. Muna cikin murna sai ga ƙanen uban ya zo daga birni, waya a hannu, ya zauna a zaure ya fara karanta wa yayansa karatun da ya tsinto.

"Yaya, ai yanzu kan mage ya waye. Kwali ya daina aiki. Masu kuɗin duniya duk ba su gama jami'a ba. Hatta ministanmu ya rubuta littafi ya ce ƙwarewa ake nema ba digiri ba. Me za ta je ta yi shekara huɗu a Katsina? A saya mata babbar waya, ta koya a ɗakinta, komai yana cikin intanet kyauta."

Ina daga tsakar gida ina jin su. Ban tanka ba, domin ba a sa da ni ba, amma raina ya ɓaci. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne na san inda maganar ta dosa. Akwai abokinsa da ke neman yarinyar, kuma an ce yana son a yi biki bayan babbar salla. Wato dai tsohon zance ne aka ɗinka masa sabuwar riga. Lokacin iyayenmu cewa ake boko zai lalata 'ya mace. Lokacinmu aka ce ai ko ta yi karatun ɗakin miji za ta ƙare. Yanzu da aka ga waɗannan sun daina shiga kunne, sai aka koma cewa ita kanta takardar ce ba ta da amfani. Kullum dalili na canzawa, amma wadda ake zaunarwa a gida ita ce dai ita.

To bari mu bi maganar baffan nan daki-daki, tunda shi ya kawo ta.

Waɗannan masu kuɗin duniya da ake ta kafa mana hujja da su, na tambaya na kuma karanta. Gaskiya ne Bill Gates mai kamfanin Microsoft ya bar Jami'ar Harvard ta Amurka a 1975 bai gama ba. Amma wa ya gaya maku cewa daga rumfar caji ya fito? Ubansa babban lauya ne, makarantar kuɗi ya yi, kuma yana ɗan shekara 13 ya fara taɓa kwamfuta, lokacin da mafi yawan mutanen duniya ko sunanta ba su taɓa ji ba. Shi kuwa Mark Zuckerberg, a cikin ɗakin kwanan ɗalibai na wannan jami'a ya ƙirƙiro Facebook a 2004, da wutar makaranta, da intanet ɗin makaranta, da abokan da ya samu a makaranta. Sai da suka shiga, suka sha romon, sannan suka fita. Da a ce abin bai yi ba, akwai gidan uba da za su koma a ci mai kyau a sake shiri. Ke 'yar uwa, ɗiyarki in ta faɗi, kan me za ta faɗa?

Mu bar Amurka mu dawo gida. Wannan na'urar POS ta Moniepoint da muke cire kuɗi da ita a bakin tasha, wanda ya kafa kamfanin, Tosin Eniolorunda, injiniya ne daga Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife. Samari biyun da suka kafa Paystack, Shola Akinlade da Ezra Olubi, kwamfuta suka karanta a Jami'ar Babcock, kuma a 2020 wani kamfanin Amurka mai suna Stripe ya saye nasu a kan fiye da dala miliyan 200. Me ya sa ba a kawo mana labarin waɗannan a zaure? Domin labarinsu bai dace da abin da ake so a yi wa yarinya ba.

Sai batun minista. Malam Isa Ali Pantami ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2019 zuwa 2023, kuma a 2022 ya fitar da littafi mai suna Skills Rather Than Just Degrees. Turancina na sakandare ne, amma ya ishe ni in gane cewa a cikin sunan nan akwai kalmar da ke nufin "kawai". Ƙwarewa, ba digiri kawai ba. Wannan 'yar kalmar ita mutanenmu suka haɗiye, suka fito mana da rabin zance. Shi malamin da kansa kwamfuta ya karanta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, ya je har Sikotilan ya yi digirin digirgir. Idan kuwa wani ya fahimci maganarsa a kan cewa a bar jami'a, to ya fara duba hanyar da mai maganar ya bi ya kai inda ya kai. Shi kuma baffan namu, in ba ku sani ba, babban ɗansa namiji yana Zariya yana karatu. Ban ji ya saya masa babbar waya ya ce ya dawo gida ba. Idan kura na maganin zawo, ai sai ta fara yi wa kanta.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi ci mini rai, wato wannan magana ta "ta koya a ɗakinta". Wane ɗaki? A wane gari? Mai faɗar haka ko dai bai taɓa kwana bakwai a jere a Faskari ba, ko kuwa ya manta. Wutar lantarki a wurinmu baƙuwa ce, in ta zo sai yara su yi ihu. Mai hali ya sa sola, maras hali ya aika wayarsa rumfar caji. Data kuwa kamar ruwa a kwando, kina kallon bidiyo biyu ta tsiyaye. Kuma in gaya maku gaskiya, ba a koyon rubuta manhaja a kan waya yadda ya kamata, sai da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ko ta hannu ce kuɗinta sun kai na gado da katifa. Da waya dai za ki iya tallar atamfa da turaren wuta, kuma sana'a ce mai albarka, ni ma da ita nake sayar da littattafaina. Amma a daina ruɗarmu ana kiran wannan aikin fasahar kwamfuta. Mai sayar da tuwo daban, mai ƙera tukunya daban.

Kun tuna watan Satumba na 2021? Lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, har da mu nan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa? Har rumfunan cajin waya aka hana. Ni na san abin da na gani. Ina tsakiyar wani littafi da nake sakin sa shafi-shafi ga masu biya ta WhatsApp, sai dare ɗaya waya ta zama dutse. Masu karatu na can Kano da Kaduna suna zagina wai na cinye masu kuɗi, ni kuwa ba ni da hanyar da zan ce masu ga abin da ya faru. Sai da na nemi izinin maigida na shiga mota har Zariya, don kawai in tura shafi goma in ba mutane haƙuri. Har shekara ta zo ƙarshe muna cikin wannan hali. To a ce yarinya tana tsakiyar kwas ɗinta na intanet a lokacin, ko ta karɓi aikin wani ta yi masa alkawarin kwana uku, ya za ta yi? Wanda yake Abuja ko Legas yana iya cewa ɗakinsa jami'a ne. Mu namu ɗakin ba jami'a ba ne.

Ban da wannan ma, mu mata mun san me ake nufi da zaman ɗaki. Ga wanke-wanke, ga tuwo, ga goyo, ga baƙi, ga uwar miji ta aiko. Duk wadda aka gan ta da waya a hannu minti goma, cewa za a yi hira take. Ni da nake rubutu, sai kowa ya yi barci nake samun awa ɗaya, shi ma da fitilar waya. Littafin da ya kamata in gama a wata biyu sai ya kai ni shekara. Rubutun labari ke nan fa, da harshen da na sha a nono. Ina ga karatun da ke buƙatar lissafi, da Turanci, da wanda za ki tambaya in kin maƙale? Abin da jami'a ke ba 'ya mace, wanda ba a rubuta shi a jikin kwalin ba, shi ne shekara huɗu da kowa ya yarda aikinta karatu ne. Ba mai kiran ta ta zo ta duba miya. Tana tare da sa'o'inta masu son abin da take so, wata ta fi ta sani ta koya mata, wani malami ya ga tana da kai ya nuna mata hanya. A can za ta ji an buɗe wata gasa, ko ana neman masu koyon aiki, ko ana ba da tallafi. Labari irin wannan ba ya zuwa tsakar gida.

Kada wata ta ce Anti ta rufe ido tana yabon jami'a. Wallahi ban rufe ba, na san ɓarakar da ke ciki, kuma ita ce ta ba masu wannan magana ƙofa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata 9. A 2022 suka sake, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cif yara na gida. Karatun shekara huɗu ya koma shida, kuma a wurin 'ya mace kun san abin da shekara biyu ke nufi a bakin mutane. Na kuma ga wanda ya gama digirin kwamfuta, ya zo gidanmu na roƙe shi ya gyara mini shafukan littafi da suka hargitse, ya yi ta dannawa yana gumi, ƙarshe wani yaron shago da bai wuce aji uku ba shi ya gyara. Da na tambaye shi, sai ya ce ai su a allo aka koya masu, a takarda suka rubuta jarrabawa. Wannan abin kunya ne, kuma duk malamin da ke koyar da kwamfuta da alli ya ji tsoron Allah. Amma in rijiya ta yi datti yashe ta ake, ba a cewa mutane su daina shan ruwa. Maganin irin wannan shi ne yarinya ta shiga da sanin cewa lakca kaɗai ba za ta ishe ta ba, ta riƙa taɓa na'urar da hannunta kullum, ta nemi inda ake aiki ta laɓe a lokacin hutu, ko ba a biyan ta.

Akwai kuma tsoro, kuma shi ban isa in raina shi ba. Mu da muke maƙwabtaka da Ƙanƙara ba za mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. A 2023 an sace ɗalibai mata na jami'o'in tarayya na Gusau da Dutsin-ma daga gidajen da suke haya. Duk uwar da ta ce gabanta na faɗuwa in an ambaci makarantar kwana, ni ba zan ga laifinta ba, domin ni ma uwa ce. Da a ce baffan nan cewa ya yi yana jin tsoron hanya, da na zauna mun yi shawara, a nemi ɗaki a cikin makaranta, ko ta zauna gidan dangi a cikin gari. Sai dai in tambaya, mu da muke gida mun tsira ne? Mata nawa aka ɗauka daga ɗakunansu a ƙauyukanmu, ba makaranta ba boko? Masifar nan ba ta tambayar takarda. Allah Ya kawo mana ƙarshenta.

Su kuma gajerun kwasa-kwasan nan, ban ce ba su da amfani ba. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya, ta hannun minista Bosun Tijani, ta fito da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha, ana yin kwas na kamar wata uku. Madalla. Duk matar aure da jami'a ta riga ta wuce ta, in ta samu irin wannan dama ta kama da hannu biyu, da babu gara ba daɗi. Amma ku lura da waɗanda suka fi cin moriyar irin wannan horo: masu kwamfuta a hannu, masu Turanci a baki, waɗanda da yawansu ɗaliban jami'a ne ko sun gama. Kwas ɗin wata uku miya ce, sai da tuwo. Ga shi kuma tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan da mai ɗan guntun sani ke samu, irin su rubuta 'yar wasiƙa ko haɗa ƙaramin shafi, na'ura na yin su cikin ƙiftawar ido. Wanda zai tsira shi ne mai tushe, wanda ya san dalilin abu, wanda in na'urar ta yi kuskure zai gane. Tushe kuwa ba a wata uku ake haƙa shi ba.

An ce wai kamfanoni irin su Google da IBM sun daina sharɗanta digiri a wasu ayyukansu. To, Allah Ya ba su lada. Yarinyarmu Google za ta nema ko kuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, da asibiti, da banki, da makarantar gwamnati? A ƙasar nan har gobe mai digiri a mataki na 8 yake fara aikin gwamnati. Ba a zuwa bautar ƙasa sai da digiri ko babbar difloma, kuma ɗan bautar ƙasa tun 2025 naira dubu 77 yake karɓa a wata, alhali mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. Mace kuwa ta fi namiji buƙatar takarda, domin shi yana iya zuwa Farm Centre ta Kano ya tsuguna a shagon wani shekara biyu ya koyi gyaran waya, ya yi suna a cikin kasuwa, kowa ya san hannunsa. Ke wa zai bar ki ki tsuguna a shagon maza har magariba? Wa zai shaide ki? Takardar ita ce mai shaidarki a inda ba a san ubanki ba.

Ni ganau ce ba jiyau ba. Shekarun baya wata ƙungiya ta zo yankinmu tana neman mata masu iya shigar da bayanai a kwamfuta. Na iya, domin da hannuna nake buga littattafaina. Aka gwada mu, na riga kowa gamawa, har matar da ke duba mu ta ce mini sannu. Da aka zo cike fom sai aka ce a kawo kwafin takardar gaba da sakandare. Na ce ba ni da ita. Ta dube ni da tausayi ta ce ba laifinta ba ne, ƙa'ida ce daga sama. Wadda aka ɗauka da yatsa ɗaya take bugawa. Na dawo gida na shiga ɗaki na yi kukana, ban gaya wa kowa ba sai yau. Ranar babu wanda ya zo ya ce mini ƙwarewa ake nema. Ni ma an ce da ni in na yi aure zan ci gaba, yau ga ni da 'ya'ya huɗu, alkawarin yana nan inda aka ajiye shi.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ya ku iyaye mata. Aure na mutuwa, miji na mutuwa, a yankinmu kuwa zawarawa da marayu sun yi yawan da ba a taɓa gani ba. Gadon da kika kashe dukiya kika saya mata zai karye, kwanukan za su dushe, wayar da aka saya mata miji na iya karɓewa ranar da ransa ya ɓaci. Wane miji ne zai iya ƙwace abin da ke cikin kanta, ko ya goge sunanta daga rajistar jami'a? Muna iya yin adashin shekara uku saboda kayan ɗaki da gara, amma in an ce kuɗin rajista sai mu ce babu. Tun 2024 ma akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen kuɗin makaranta ba ruwa, sai bayan an gama bautar ƙasa da shekara biyu a fara biya. Mu nawa muka sa aka bincika mana wannan, kamar yadda muke bincika farashin leshi?

Aure kuma ba ya hana karatu in namijin na Allah ne. Mata nawa ke zuwa lakca da goyo a Katsina da Zariya da Kano? Wanda yake son ta tsakani da Allah ya jira, ko kuwa a ɗaura, a rubuta sharaɗin karatu a gaban waliyyai da shaidu, ba irin alkawarin baka da aka yi mini ba. Wanda kuwa ya ce shi sam ba zai iya zama da mai digiri ba, to ya faɗi haka ƙarara mu san da wa muke, ya bar fakewa da Bill Gates.

Daren ranar da aka yi zancen zaure, yarinyar ta same ni a ɗaki idonta ya yi ja, ta ce, "Anti, don Allah ki yi wa Baba magana, ke yana jin taki." Washegari na sa hijabina na same shi bayan ya dawo daga gona, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, ni ba zan yi jayayya da ƙanenka ba, ya fi ni yawo. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da ya je Zariya ya dawo da ɗansa gida ya ba shi waya, to mu ma a ranar za mu haƙura." Ya yi shiru, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce zai yi shawara. Har yanzu da nake wannan rubutu bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma masarar tana nan a ɗaki ba a taɓa ta ba. Ni dai na gaya wa uwar adashinmu ta ba ni kwasar watan gobe, na kuma aika Funtuwa a tambayo mini kuɗin kwamfuta ta hannu.